Kindirmon da Aka Tayar da Raɓa

Lowestoft, Ingila
Nuwamba

Zuwa ga Lelya Zlata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya. Ya sanyin dutse, ya gwiwoyi? Ya tumaki, in har yanzu kina fama da su? Ni lafiyata ƙalau, sai tarin da iskar tekun nan ke sa ni.

Na san sai kin juya ambulan kin sake duba sunan. Bisera ce, jikar Rada, mai kiranki Lelya, wato gwaggo. Ke da kakata 'ya'yan wa da ƙane ne, kuma rabona da ke tun wani biki ina yarinya, da kika kama ni ina lasar kindirmo da yatsa, kika ce ba za ki tona ni ba in na ba ki rabi. An ce zumunci a ƙafa yake. Tawa ƙafar ba ta taka ba, alƙalamin ma sai da bukata ta taso. Ki yi mini faɗa, na cancanta, amma ki karanta har ƙarshe. Mama ta ce kunnenki ba ya ɗaukar waya, shi ya sa na rubuto.

Shekara goma na yi ina aikin nas a birnin Plovdiv, can ƙasarmu. Nan kuwa, a gidan kula da tsofaffi, wanka nake yi musu, in ba su abinci, in gyara gado. Ko ƙwayar ciwon kai ba ni da izinin miƙa wa mutum sai na ci jarrabawar Ingilishi. Na ci karatu, na ci rubutu, na ci saurare. Magana ce ta kayar da ni har sau biyu. Ana zaunar da ke a gaban wani, shi ne mara lafiya, ke ce nas, ki tambaye shi yadda ciwonsa ya faro. Lelya, ina buɗe baki sai komai ya gudu. Kalma ɗaya tak ke rage mini, ta 'yan aji ɗaya, wato "fara". Yaushe ya fara, a ina ya fara, ya fara, ya fara. Daga nan sai in yi tsit ina kallon agogo.

Shugabar gidanmu mutuniyar kirki ce, ta riƙe mini gurbin nas har watan Mayu. Ta kuma faɗa mini ba ɓoye-ɓoye, in na sake faɗuwa za ta ba wata. Ni ma na yanke wa kaina, na ukun nan shi ne na ƙarshe. In bai yiwu ba, zan haƙura da aikin da na ƙarar da ƙuruciyata a kansa, kuma tunanin haka yana hana ni cin abinci.

Duk wanda ya fito daga kwarinmu yana jin Ingilishi, in aka bi salsala ta ajinki ya biyo. Mama har yau tana ba da labarin yadda kike kwashe su daga aji ki kai su rafi, hedimasta yana ta kumfar baki. Da tsohuwar zuma ake magani. Ki taimaka ki aiko mini da kalmomin nan a jere in haddace.

Taki,
Bisera

Dolno Brezovo
Disamba

Bisera, 'yar nan,

Takardarki ta iso, kuma ban sake duba suna ba. Wannan karkataccen rubutu na gidan Rada ne, ko daga nesa na san shi. Lafiyata lau. Gwiwoyi suna ta gunaguninsu, tumaki sun koma uku. Tarin nan ki sha zuma, ki daina yawo wuya a buɗe. Faɗan kuwa na ajiye sai kin zo, a takarda ba ya daɗi.

Jerin kalmomi ba zan aiko ba. Kin san su duka, ba ke kika ci rubutu ba? Suna nan jibge a kanki kamar itacen da ruwa ya daka, ba wanda zai kama wuta.

Bari in faɗa miki abin da ya sa na kamu da son harshen mutanen nan tun ina budurwa, ni da ban taɓa taka ƙasarsu ba, a littattafai da wata rediyo mai ƙara na tsince shi. Mutane ne masu sa ido a kan mafarin abu. Ruwan da ya ɓuɓɓugo daga dutse da kalmarsa. Wuta da yaƙi da ƙurajen jiki sun haɗa su a guda, don duk ɓarkewa suke yi ba sallama. Sanyi da ruwan sama mai naci suna da tasu, ta baƙon da ya shigo ya sauke jaka ya miƙe ƙafa. Matsalar da ba a gayyato ba, sun ara mata kalmar tsiron gona. Hadari in yana haɗuwa, kalmar da suke dafa shayi da ita suke ba shi, ki ji mutane! In kuwa abu ya daɗe yana ba ki wuya sannan kika gane, cewa suke yi ya keto miki kamar alfijir. Ranar da na fara cin karo da wannan, rufe littafin na yi na fita tsakar gida na tsaya, don daɗi.

Shi ya sa nake kai yara rafi. Sai in tsayar da su daidai inda ruwa ke fitowa, in ce kada wanda ya ce uffan, a duba tukuna. Uwarki ta taɓa faɗawa ciki garin leƙe. Ki tambaye ta, na tabbata har yau ba ta manta kalmar ranar ba.

Ke kuma nas ce. Ciwon da ya sato jiki a hankali da wanda ya faɗo kamar gatari ba ɗaya ba ne, kin fi ni sani. Abin da ake so ki tambaya ke nan.

A cikin ambulan za ki ga farin ƙyalle ya yi tauri, kada ki jefar. Na jiƙa shi da kindirmona na shanya a inuwa, yadda ake yi wa duk mai tafiya nesa. Irin nan daga tukunyar uwata ya fito, ita kuma uwar mijinta ta ba ta, wato kakarmu ni da Rada. Kin ga kina da gado a ciki. Ki tafasa madara, ki bar ta ta huce har ƙaramin yatsanki ya iya zama a ciki, ki zuba a kwalba, ki sa ƙyallen, ki lulluɓe da bargo. Ki zauna kusa, kina ɗaga gefen bargon kina leƙawa, ban da girgizawa. Ki ga yadda ruwa ke zama abinci ba wanda ya ji motsinsa, sannan ki nemo mini kalmar da ta dace da shi.

Kada ki sake rubuto mini sai madarar ta kama.

Lelyarki,
Zlata

Dolno Brezovo
Ƙarshen Maris

Bisera,

Ina gaishe ki, ina fatan tarin ya sake ki. Tawa lafiyar da sauƙi yanzu. Farkon shekara santsin ƙanƙara ya kwashe ni a hanyar garken tumaki, ƙashin ƙuguna ya karye. Na daɗe a asibiti a Smolyan, daga nan aka ajiye ni gidan wata ƙanwar mijina har na iya takawa da sanda. Shekaranjiya na dawo.

Kafin in cire takalmi na aika a kirawo mini mai kawo wasiƙu. Ya ce babu komai daga Ingila. Na ce ya sake dubawa, ya ce: "Malama, jakar ce ba ki yarda da ita ba ko ni?"

Na yi ta juya abin a raina. Yarinya ta zo da damuwarta tana neman abu ƙanƙane, na tsaya ina yi mata wa'azin rafi. Halina ne, mijina ya sha faɗa mini har ya koma ga Allah. In fushi kike yi, ki yi abinki, amma ki rubuto ko da zagi ne.

Akwai kuma wata magana. Maƙwabta sun kula da tumaki, Allah ya saka musu, amma ba wanda ya tuna da tukunya. Na buɗe ta na tarar da fumfuna koriya shar. Na zauna a ƙasa da sandata na yi kuka, wanda ko a asibiti ban yi ba. Kin ga ke nan abin da ya saura na irin kakarmu a duniya yana hannunki. Ki jiƙa mini ƙyalle ki aiko, ko ɗan ƙarami ne.

Zlata

Lowestoft
Afrilu

Lelyata,

Sannu, sannu da jiki. Allah ya ƙara sauƙi. Wallahi ban sani ba, Mama ma ba ta ji ba, da ko ta yaya sai na nemo ki. Kina shan maganin a kan lokaci? Ki riƙa takawa kullum ko da zafi, kada ki biye wa kujera. Wannan nas ce ke magana, ba jikar Rada ba.

Fushi? Ni in yi fushi da ke? Cewa kika yi kada in rubuto sai madara ta kama, ita kuwa ba ta kama ba.

Ban san ta inda zan ɓullo wa maganar ba, gara in faɗe ta kai tsaye. Na raba ƙyallen uku don tsoro. Na farko na yi gaggawa, madarar da sauran zafi. Na biyu aka kira ni aiki, na dawo ɗakin ya yi sanyi ƙarara. Na ukun na bi komai yadda kika ce, na zauna gabansa wuni guda kamar mai jinya, ya tashi ruwa tsululu. Babu sauran ƙyalle, Lelya. Babu iri a wurina.

Na ɗauka sharaɗi kika gindaya mini, cewa wadda ta kasa tayar da kwalbar madara ba ta kai ki ɓata mata tawada ba. Da na ji shiru daga wajenki sai na ce to, haka ne. Ashe kina kwance kina jiran takardata, ni ina nan ina jiran madara. Yanzu ga shi abin da ya bi hannun mata tun kakarku a hannuna ya mutu. Kunya ta hana ni duban hoton kakata.

Abu ɗaya na yi cikin abin da kika koya mini. Akwai wani tsoho a nan, Mista Gotts, masunci ne a da, mafaɗaci na gaske, kowa na gudun ɗakinsa. Wata rana ina sa masa safa na yi ƙarfin hali na tambaye shi yadda hazon teku yake zuwa. Ya harare ni ya ce: "Zuwa? Hazo ba ya zuwa, yarinya, mirginowa yake yi. Iska ita ke tashi. Guguwa kuwa sai ta gama dahuwa." Na kusa sakin safar. Kalmar shayin nan taki ce ta fito daga bakinsa, daidai yadda kika faɗa! Na ce masa wata malama a kan duwatsunmu ta riga ta gaya mini, wadda ba ta taɓa ganin tekunsu ba. Ya ce to wannan ta fi rabin garin nan hankali.

Saurare kam ina yi. Amma in aka ce ni in yi magana, har yanzu bakina mutuwa yake yi. An sa jarrabawar 'yan kwanaki bayan Gergyovden, idinmu na farkon Mayu. Ki yafe mini.

Bisera

Dolno Brezovo
Afrilu

Bisera, sakarya ta gidan Rada,

Lafiya lau, ina takawa, nas ta ji. Shekara arba'in ina ce wa yara kada su dawo sai da aikin gida, ba wanda ya taɓa ɗaukar maganar da gaske sai ke.

Na yi baƙin ciki da na karanta, ba zan ɓoye miki ba. Da yamma ina kallon tumaki sai na tambayi kaina: ita kakar tamu, a ina ta samo? Ba daga sama aka sauko mata da tukunya ba.

Ku 'yan birni kun san Gergyovden da gasasshen rago kawai. A da, a ranar ake tayar da sabon iri. Mata su fita da asuba kafin rana ta taɓa ciyawa, su tattaro raɓa, a zuba a madarar farko ta shekara. Na ga kakarmu ta yi da idona, shekarar da gobara ta cinye mata ɗakin girki. Wani lokaci ya kama, wani lokaci ya ƙi. Ni bana ba zan iya sunkuyawa ba. Ke za ki yi.

Ki fita da tsabtataccen ƙyalle da kwano, ki shafo raɓa a kan ciyawar da ba a taka ba, ki matse. Ingila ai ba ta rasa raɓa ba, abin da suka fi kowa ke nan. In wani ya gan ki ya tambaya, kada ki gudu, ki ba shi amsa. Kuma ko ta kama ko ba ta kama ba, ki rubuto. Kin ji? Ko ba ta kama ba. Na ja layi a ƙarƙashi saboda masu irin kanki.

Ki gaishe mini da masuncin.

Zlata

Lowestoft
Yuni

Lelya Zlata,

Gaisuwa da fatan ƙugu ya ƙara warwarewa. Ni lafiya, tari ya tafi. Na jinkirta ne don in haɗo miki labarin gaba ɗaya, ba don na sake karanta wani layi a karkace ba.

Ranar Gergyovden na fita lambun bayan gidan tsofaffin da asuba, da kwano da ƙyalle, na durƙusa ina shafar ciyawa. Sai na ji an buɗe taga. Mista Gotts ne, ba ya barcin safe.

"Ke! Me kika yar?"

Na ce ban yar da komai ba.

"To haukan ne ya motsa? In kira miki nas?"

Na ce: "Ni ce nas ɗin, Mista Gotts. Raɓa nake ɗiba."

"Raɓa! Ba a ba ku ruwa a ƙasarku?"

Na so in gudu, na tuna kin hana. Sai na ce masa a garinmu kindirmo daga kindirmo yake fitowa, uwa ta ba 'ya. Ya ce to na farkon fa? Na ce ai shi nake nema. Daga nan, Lelya, ban san yadda aka yi ba. Na ba shi labarin kakarku da gobarar da ta ɓarke mata, da sanyin da ya sauka ya zauna a kwarinmu har santsi ya kayar da ke, da fumfunar da ta tsiro a tukunya ba wanda ya gani, da yadda duk wannan ya samo tushe daga bakina da ke mutuwa. Ina durƙushe, hannuna ya ƙage don sanyi, ina ta zuba. Sai da rana ta leƙo ta kan rufin na lura da Ingilishi nake yi, kuma kowace kalma ta zo ta zauna a wurinta ba tare da na kira ta ba.

Sai ya ce: "Wa ya ce ba ki iya magana ba? Kin hana ni shan shayina. Je ki can gindin katanga, ciyawar ta fi jiƙa."

Ranar jarrabawa aka zaunar da ni gaban wata mata mai gilashi, ita ce mai ciwon ƙirji. Na buɗe baki, na ji tsohon shirun nan yana tahowa. Sai na kalli hannunta maimakon agogo, na tambaye ta: ciwon nan faɗo miki ya yi lokaci guda, ko satowa ya yi a hankali? Da ya zo, ya zauna ne, ko yana tafiya yana dawowa? Akwai abin da ke tayar da shi? Ta ɗago kai daga takardarta ta dube ni. Daga nan na manta jarrabawa ce, na koma nas ina neman abin da ke damun matar.

Sakamako ya fito jiya. Na ci, Lelya! Shugaba ta rungume ni a gaban kowa, an auna ni za a ba ni rigar aiki. Na shiga ɗakin ajiyar barguna na yi kuka na ƙoshi. Mista Gotts ya ce kada in ɗauka don na zama nas zai riƙa shan magani ba gardama.

Wannan cin naki ne. Kina kan dutse, da littafi da rediyo mai ƙara, kin ji harshen mutanen nan har cikin ƙashinsa. Ban taɓa ganin malami irinki ba, kuma na faɗa wa duk wanda ya tsaya saurare.

Na san abin da kike nema tun layin farko. Kwalbar farko ta yi rabi da rabi, sama ruwa, ƙasa ɗan kauri. Na ɗebi na ƙasan na tayar da wata, daga ita na tayar da wata. Haka na ci gaba, ta huɗun cokali ya tsaya a ciki. Aikin gidan da kika ba ni kuwa, na zauna na leƙa har idona ya gaji, ban ga lokacin da ta kama ba, ban kuma samo kalmar ba.

Ki taɓa ambulan a hankali, akwai ƙyalle a ciki.

Taki har kullum,
Bisera, nas

Dolno Brezovo
Yuli

Bisera, 'yata,

Lafiya lau, na jefar da sanda, ko da yake nakan koma in ɗauko ta in ba mai gani.

Na karanta takardarki a tsaye a bakin ƙofa, na sa mai kawo wasiƙu ya tsaya na karanta masa shi ma. Kafin azahar duk ƙauye ya ji jikar Rada ta zama nas a Ingila. Na yi alfahari da ke har na rasa inda zan sa kaina. Ɗaruruwan yara na tura duniya da harshen nan, kullum da ɗan tsoro a raina ko abin da na ba su zai yi aiki a can. Ba wanda ya taɓa dawo mini da labari sai ke.

Na wanke tukunyar kakarmu da ruwan zafi, na tatsi tunkiya, na sa ƙyallenki, na lulluɓe da tsohon bargon. Na ja kujera na zauna. Ni ma ban ga lokacin ba. Na ɗaga bargo ruwa ne, na sake ɗagawa ya kama.

Ɗanɗanonsa ba irin na da ba ne, ya fi sanyin tsami, kamar mutanensa. Na tsaya neman kalmar da zan ba shi, a harshensu da namu, ban samu ba. Kada ki damu da aikin gidan, malamar ma ta faɗi. Kafin in ankara na shanye rabi a tsaye.

Rabin na ajiye miki, kamar yadda muka yi ciniki tun kina yarinya. Ki zo ki karɓa, faɗanki ma yana nan yana jira.

Lelyarki,
Zlata